Ciwon daji da maza: don mi ake zuwa likita a makare, kuma wane taimako za mu iya yi ma ƙungiyoyi?

Kowace shekara, idan watan Oktoba ya kama, gidajen radiyo na ƙasarmu sukan cika da maganar ciwon dajin nono da na bakin mahaifa. Mata sukan fito a yi masu awo, ƙungiyoyi su shiga unguwanni suna wayar da kai. Wannan aiki ne mai kyau, kuma ya ceci rayuka. Watan Nuwamba kuwa shi ne aka keɓe ma lafiyar maza. Al'adar ta samo asali daga ƙasar Ostareliya a shekarar 2003, inda maza suka riƙa barin gashin baki don jawo hankali ga cututtukansu. A ƙasashe masu amfani da Faransanci ana ce masa «Nuwamba shuɗi». Amma a garuruwanmu da ƙauyukanmu, watan yakan zo ya wuce ba tare da maza da yawa sun ji labarinsa ba.

Ya ku masu karatu, a wannan shafi za mu duba abubuwa uku: irin ciwon dajin da ya fi kama maza a Nijar, dalilin da ke sa su isa gidan likita a makare, da kuma yadda talaka zai taimaka ma ƙungiyoyin da ke yaƙi da wannan cuta.

Mine ne ciwon daji?

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna haihuwar junansu, suna tsufa, suna mutuwa, wasu su maye gurbinsu, duk bisa tsari. Wani lokaci wasu daga cikinsu sukan fita daga tsarin, su yi ta hayayyafa babu tsayawa har su zama ƙari. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, wasu kuma kansa.

Da farko ƙarin yana zaune wuri ɗaya. A wannan lokaci sau da yawa likita na iya cire shi ko ya kashe shi. Idan aka bar shi, sai ya bi jini ya yaɗu zuwa ƙashi, ko huhu, ko hanta. A nan magani yakan yi wuya, ya yi tsada, kuma sau da yawa abin da ya rage shi ne a sassauta ma maras lafiya zafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Cin abinci ƙwarya ɗaya da mai shi, ko gaisawa, ko jinyarsa, ba sa sa a ɗauke shi. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iskoki ba ne.

Abin da ya sake a ƙasarmu

A shekarar 1992 aka buɗe littafin ƙidayar masu ciwon daji a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Yamai, wadda ake kira Jami'ar Abdu Mumuni. Daga wannan littafi ne aka fara sanin irin ciwon da ya fi yawa a ƙasa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum 10.000 suka kamu da ciwon daji a Nijar, kuma mafi yawan waɗanda suke kamuwa ba sa tsira. Babban dalili shi ne zuwa a makare.

A shekarar 2007 gwamnati ta kafa dokar da ta sa maganin ciwon dajin mata, wato na nono da na mahaifa, ya zama kyauta a gidajen likita na gwamnati. An sha fama da ƙarancin magani da jinkirin biyan gidajen likitan, amma duk da haka dokar ta buɗe ma mata ƙofa. Dokar ba ta haɗa da ciwon dajin maza ba.

A shekarar 2008 aka shigar da rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin allurar da ake yi ma jarirai a mako 6, da 10, da 14 bayan haihuwa. Za mu ga muhimmancin wannan a gaba.

A shekarar 2021 aka buɗe sashen gasa ciwon daji da na'urar haske a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin wannan shekara, duk wanda ke bukatar irin wannan magani sai ya fita ƙasar waje, abin da talaka ba ya ko mafarkinsa.

A watan Agusta na 2024 kuma gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ganin likita, da na awo, da na kwanciya, da na fiɗa a gidajen likita na gwamnati, daga ranar 1 ga Satumba ta wannan shekara.

Waɗannan duka ci gaba ne. Sai dai na'ura da doka ba sa zuwa gida su ɗauko maras lafiya. Mutum ne zai tashi da ƙafarsa, kuma ya tashi da wuri.

Wane iri ne ya fi kama maza?

A ƙasashen Turai, idan aka ce ciwon dajin maza, hankali yakan tafi ga furostat. A Nijar lamarin ya fi haka faɗi. Akwai iri uku da ya kamata kowane magidanci ya sani.

1. Ciwon dajin hanta

Littafin ƙidayar Yamai ya nuna cewa tsakanin 1992 da 2009 shi ne ya fi kowane yawa a cikin maza. Yakan kama mutum da sauran ƙarfinsa, ɗan shekara 30 ko 40, lokacin da iyali suka fi dogara da shi.

Babban tushensa shi ne ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu na Sahel. Yawanci ana ɗaukarta tun ana yara, daga uwa wajen haihuwa ko ta hanyar jini. Aska ɗaya da aka yi ma mutane da yawa aski, ko kaciya, ko tsaga, ko ƙaho da ita, tana iya ɗaukar ƙwayar daga wani zuwa wani. Ana kuma ɗaukarta ta hanyar jima'i. Ƙwayar tana iya zama shekara 20 ko 30 cikin jiki tana cin hanta, mutum yana noma, yana fatauci, bai san komi ba.

Abu na biyu shi ne gubar da ke fitowa daga fumfuna. Gyaɗa ko masarar da aka adana ba ta bushe sosai ba takan yi fumfuna, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Wannan ya shafi jihohin Maraɗi da Damagaram ƙwarai, inda gyaɗa, da ƙuliƙuli, da tunkuza suke cikin abincin yau da kullum. Idan guba ta haɗu da ƙwayar B a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninka. Shan giya ma yana ƙara lalata hanta.

Ciwon dajin hanta ba ya nuna alama da wuri. Ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, jiki ya rame, sau da yawa an riga an makara. Don haka awon wuri a nan shi ne awon jini na neman ƙwayar B. Duk wanda aka haifa kafin 2008 bai samu rigakafin yara ba, ya kamata ya yi wannan awo ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Idan ba a samu ƙwayar ba, yana iya yin allurar rigakafi. Idan an same ta, likita zai duba ko yana bukatar magani. Akwai ƙwayar magani da ake sha kullum, wadda ke danne cutar ta kare hanta, ko da yake ba ta cika fitar da ita gaba ɗaya ba. Likita zai kuma sa a riƙa hoton ciki, wanda ake kira eko, lokaci zuwa lokaci. Matarsa da ƴaƴansa su ma a auna su.

2. Ciwon dajin mafitsara

A ƙasarmu wannan ciwo yana da dangantaka da tsargiya, wato fitsarin jini da ake ɗauka wajen wanka, ko su, ko aikin shinkafa cikin ruwa maras gudu. Mutanen bakin kogin Kwara, da masu zama kusa da tabkuna da madatsun ruwa, su ne suka fi fama da ita. A wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jinin yaro alamar ya fara zama namiji. Wannan kuskure ne babba. Tsutsa ce ke zuba ƙwai a bangon mafitsara, kuma idan aka shekara da shekaru a haka, wurin yana iya rikiɗewa ya zama daji.

Tsargiya tana da magani mai sauƙi. Tun shekarar 2004 ake rarraba shi kyauta a makarantu da ƙauyukan da cutar ta yi yawa. Idan masu rarrabawa suka zo, a bar yara su sha, manya ma su karɓa idan an ba su. Babban mutum kuwa da ya ga jini cikin fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ya tafi gidan likita. Shan taba ma yana cikin manyan dalilan wannan ciwo, ban da na huhu da na maƙogwaro.

3. Ciwon dajin furostat

Furostat wani ɗan ƙullutun nama ne kamar girman ƙaramin goro, wanda ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Yana taimakawa wajen yin ruwan maniyyi. Idan mutum ya manyanta yakan ƙara girma ya matse hanyar. Sai a ga dattijo yana tashi sau uku ko huɗu cikin dare, fitsarin yana fita da ƙyar, ko yana ɗiga bayan ya gama.

A nan akwai labari mai kwantar da hankali: yawancin masu wannan matsala ba daji gare su ba, kumburin tsufa ne, kuma yana da magani. Amma likita kaɗai ke iya rarrabewa. Akwai kuma gargaɗi: dajin furostat a farkonsa sau da yawa ba ya nuna wata alama ko kaɗan. Bincike ya tabbatar da cewa ya fi kama baƙar fata, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin sa. Shi ya sa ake ba maza shawara su fara tuntuɓar likita daga shekara 50, ko daga 45 ga waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, irinmu.

Awon iri biyu ne. Akwai awon jini da ake kira PSA. Akwai kuma dubawa da yatsa ta dubura, wadda ba ta wuce minti ɗaya ko biyu. Idan awon jini ya hau, ba lalle ne a ce daji ne ba, domin kumburi ko wata cutar fitsari ma suna sa ya hau. Sai an ɗebi ɗan nama an duba kafin a tabbatar. Wani dajin furostat yana tafiya a hankali ƙwarai, har likita ya ce a sa masa ido kawai. Wani kuma yana da sauri, sai a yi fiɗa, ko gashi da haske, ko allura.

Mi ke sa maza jinkiri?

A wata cibiyar yaƙi da jahilci da na riƙa zagayawa, akwai wani magidanci da ya fi kowa ƙoƙari. Da ya iya karatu da lissafi, shi aka ba riƙon littafin bankin cimaka na ƙauyen. Wata shekara na lura yana fita waje sau da yawa ana tsakiyar darasi. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Daga baya na ji cewa ya fi shekara biyu yana fama da fitsari. Ya sha saiwoyi iri iri, ya sayar da raguna biyu don biyan masu magani. Ko matarsa bai gaya ma gaskiya ba. Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak aka ɗauke shi a amalanke. Da aka kai shi babban asibiti, ciwon ya riga ya shiga ƙashin baya. Bai ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙansa. Har yau ina tuna cewa na ga alama, na yi shiru.

Bayan rasuwarsa abokan karatunsa biyu, masu irin wannan matsala, suka yi ƙarfin hali suka tafi awo. Dukansu kumburin tsufa ne. Aka ba su magani, suka koma gonakinsu.

Dalilan jinkiri sanannu ne.

Na farko kunya. Namiji ba ya son maganar abin da ke ƙasan cibiya, balle a gaban ma'aikaciyar da ta yi sa'ar ƴarsa. Amma mutum yana da ikon ya roƙi namiji ya duba shi, kuma doka ta hana ma'aikacin lafiya tona asirin maras lafiya.

Na biyu camfi. An daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai idan aka yi masa allura ko aka taɓa shi da wuƙa sai ya haukace. Asalin wannan magana shi ne mutane suna zuwa asibiti bayan ciwo ya gama yaɗuwa. Idan suka rasu sai a ɗora ma wuƙar likita laifi, alhali jinkiri ne ya yi kisan.

Na uku tsoron rasa mazakuta. Gaskiya ne wasu magungunan furostat suna iya rage ƙarfin namiji. Wannan magana ce da ya kamata mutum ya yi da likitansa a fili kafin a fara magani. Amma awon kansa ba ya rage komi, kuma ciwon da aka bari yana ɗauke ƙarfin da ran gaba ɗaya.

Na huɗu fahimtar tawakkali a karkace. Malamanmu suna karantar da mu cewa neman magani ba ya saɓa ma dogaro ga Allah. Manomi yana shuka, sa'an nan ya roƙi ruwa.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kuɗi da nisa. Magidanci yakan lissafa: idan na tafi, wa zai ci da gida? Sai ya zaɓi ya daure.

Giɓin da ƙungiyoyi ke cikewa

Bari mu duba hanyar da maras lafiya ke bi. Yana farawa daga ƙaramin gidan likita na ƙauye ko CSI, wurin majo. Daga nan a tura shi asibitin gunduma, sa'an nan babban asibitin jiha, kamar na Tawa, ko asibitin ƙasa na Damagaram, ko babban asibitin Maraɗi. Idan ana bukatar gashi da haske, sai Yamai. Daga Tawa zuwa Yamai kimanin kilomita 550 ne, daga Maraɗi kimanin 660, daga Damagaram kusan 900.

Gashi da haske ba aikin yini ɗaya ba ne. Yawanci ana yin sa kwana biyar a mako, har makonni da yawa. Ke nan maras lafiya da mai jinyarsa suna bukatar kuɗin mota, da masauki, da abinci, da wanda zai nuna masu ƙofar da za su shiga a garin da ba su sani ba, inda takardu duk da Faransanci suke. Ragin kuɗin asibiti ya taimaka, amma bai shafi kuɗin mota da na tuwo ba. Da yawa sukan fara magani, guzuri ya ƙare, su komo gida ba su gama ba. Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa amfaninsa kaɗan ne.

A wannan giɓi ne ƙungiyoyi masu zaman kansu ke aiki. Akwai irinsu SOS Cancer Niger, wadda aka sani da wayar da kai da shirya awo, musamman ga mata. Akwai ƙananan ƙungiyoyi na jihohi, da na ma'aikatan lafiya, da na waɗanda suka yi ciwon suka warke. Ayyukan irin waɗannan ƙungiyoyi sun haɗa da yin bayani a radiyo da harsunan gida, da kai ma'aikata ƙauyuka don awo, da raka maras lafiya asibiti, da neman taimako ga wanda ba shi da hali.

Ƙarfinsu kaɗan ne. Yawancinsu sun dogara da taimakon waje, wanda yau akwai, gobe babu. Ƙungiyar da jama'ar gari ke riƙe da ita da hannunsu ita ce ke daɗewa. Kuma dalilin da ya sa aikinsu ya fi karkata ga mata shi ne mata ne ke amsa kira. Ranar da maza suka fara fitowa suna tambaya, ƙungiyoyi da hukumomi za su shirya masu.

Muna da misalai biyu a gida da ke nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A shekarar 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna zuba ɗan abin da suka samu kowane mako, kuma yau an kwaikwayi tsarin a ƙasashe da yawa. Tun 2008 kuma akwai Makarantar Mazaje, wadda ta fara a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyali, suna ƙarfafa mata su je awon ciki su haihu a gidan likita. Mazan da suka koyi raka matansu likita, lokaci ya yi da za su koyi kai kansu.

Yadda za mu taimaka

Taimako ba sai mai kuɗi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

1. Asusun lafiya. A ce ƴan aji 25 ne a cibiyarku, kowa ya zuba dala ashirin, wato 100 F, kowane mako. A mako ɗaya an tara 2.500 F. A shekara, mai mako 52, an tara 130.000 F, wato jika 130. Ana iya raba shi biyu: kashi ɗaya don kuɗin motar wanda aka tura babban asibiti, kashi ɗaya gudummawa ga ƙungiyar da ke aiki a yankinku. A rubuta komi cikin littafi, a karanta a gaban kowa ƙarshen wata.

2. Gudummawar kaka. Wanda ba shi da kuɗi yana iya ba da tiya ɗaya ta hatsi ko wake bayan girbi, don guzurin masu jinya.

3. Gayya. Idan magidanci ya tafi magani da damina, a yi masa gayyar noma. Sanin cewa gonarsa ba za ta mutu ba yana iya sa ya yarda ya tafi.

4. Masauki. Ƴan garinku mazauna Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, su shirya wanda zai tarbi maras lafiya, ya ba shi wurin kwana, ya raka shi asibiti.

5. Ba da jini. Masu ciwon daji da yawa suna bukatar ƙarin jini. Mai lafiya da ya ba da jini ba ya cutuwa, kuma ana auna jinin don neman cututtuka, har da ƙwayar hanta ta B.

6. Baki. Ku gayyaci majo ko ɗan ƙungiya ya zo cibiyarku, ko fada, ko majalisar dattawa, a yi zama na maza zalla don kowa ya saki jiki ya yi tambaya. Ku roƙi liman ya taɓo maganar bayan salla, mai gari ya sa a yi shela. Wanzamai abokan aiki ne: suna jin sirrin maza, suna iya tura su likita, kuma su riƙa amfani da sabuwar reza ga kowane mutum.

7. Karatu. Ku da kuka iya karatu, ku karanta ma maƙwabta takardar magani da ranar komawa asibiti. Mutane da yawa sun rasa ranar ganin likita don babu mai karanta masu takarda.

Kafin ka ba da kuɗinka

Inda ake taimako, a nan macuta ke laɓewa. Kafin ku ba wata ƙungiya kuɗi, ku tambaya:

Tana da takardar izinin hukuma?
Majo ko shugaban likitocin gunduma ya san da ita?
Tana ba da takardar shaidar karɓar kuɗi?
Tana bayyana ma jama'a abin da ta tara da abin da ta kashe?
Idan awo ya nuna ciwo, ina take tura mutum?

Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin awon da babu magani bayansa tashin hankali kawai yake ƙarawa. Ku kuma yi hattara da duk mai sayar da gari ko ruwa a kasuwa, ko a radiyo, ko a salula, yana cewa yana warkar da kowane irin daji cikin kwana bakwai. Ƙungiyar gaskiya asibiti take tura mutum.

Alamomin da ba a jira da su

Duk namijin da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tafi gidan likita cikin makon:

jini cikin fitsari, ko maniyyi, ko bayan gida;
fitsari da ƙyar, ko yawan tashi da dare;
ciwo ko tauri a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari;
rawayar ido;
rama babu dalili;
ƙari a wuya, ko hammata, ko maraina, ko nono, domin maza ma suna yin dajin nono;
gyambon da ya ƙi warkewa;
tari ko dishewar murya da suka wuce mako uku;
ciwon baya ko na ƙugu da ba ya sauka, ga wanda ya manyanta.

Waɗannan alamomi ba kullum suke nufin daji ba. Sau da yawa wata cuta ce mai sauƙin magani. Idan an ba ka magani ba ka ji sauƙi ba, ka koma, ka nemi a tura ka gaba. Ka adana takardunka duka wuri ɗaya.

Kammalawa

Magidanci yakan duba rumbunsa kafin damina, ya kai sansa wurin malamin dabbobi idan ya ƙi cin ciyawa. Jikin da ke noma hatsin, yake kiwon san, ya fi cancanta a duba shi. Idan mai gida ya faɗi, yara ne ke barin makaranta, gona ce ake jinginarwa.

Ga mata kuma: ku ne kuka fi kowa sanin sau nawa mai gida ke tashi da dare, ku ne ke ganin ramarsa. Ku yi masa magana cikin ladabi da hikima, ko ku gaya ma amininsa ko wansa.

Ranar 4 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Kowace cibiya ta sa ma kanta buri: kafin wannan rana ta zagayo, an buɗe asusu, an gayyaci ma'aikacin lafiya sau ɗaya, kuma kowane namiji a aji ya yi awon hanta. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne irin ciwon daji uku ne aka ce kowane magidanci ya sani?
2. Don mi wanda aka haifa kafin 2008 ya kamata ya yi awon hanta?
3. A garinku, mi ya fi hana maza zuwa likita: kunya, camfi, kuɗi ko nisa?
4. Idan ku 30 ne, kowa yana zuba dala goma a mako, nawa za ku tara cikin mako 52?
5. Wa za ku gayyata ya yi maku bayani, kuma wace rana?